Kwazazzabo na cin gonakinmu, rijiyoyi na ƙafewa: wane aiki za mu nema daga ofishin kula da ƙasa da ruwa?

Sakataren Kwamiti ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙasa da ruwa, musamman waɗanda suka taɓa zama da manoma a karkara.

An buɗe wani ƙaramin ofishi a yankinmu da aka ce aikinsa kula da ƙasar noma da ruwa da itatuwa. Ma'aikata uku ne a ciki, da babur ɗaya. Sun aiko wa kowane ƙauye ya kafa kwamiti ya rubuto abin da ya fi damunsa, kuma sun faɗa mana ƙarara cewa abin da ke hannunsu ba zai yi manyan ayyuka biyu ba, sai ɗaya. Ni aka ɗora wa rubutun.

Garinmu a gindin tudu yake. Gonakin da ke saman tudun yawancinsu sun zama fako, in aka yi ruwa da hantsi, kafin azahar ƙasa ta bushe ƙayau, ruwan duk ya gangaro. Inda yake haɗuwa ya haƙa kwazazzabo. Dattawa sun ce da can hanyar shanu ce, yaro ma yana tsallake ta. Yanzu in babban mutum ya shiga ciki ba a hango kansa. Kowace damina bakinsa yana ƙara ci zuwa sama, gefensa kuma yana zubewa. Ya cinye wajen rabin gonaki huɗu, kuma tsakaninsa da katangar gidajen ƙarshe bai wuce taku talatin ba. Ga kuma rijiyoyi: biyu cikin uku suna ƙafewa tun bazara ba ta yi nisa ba, abin da iyayenmu ba su sani ba.

Kwamiti ya rabu biyu. Waɗanda gidajensu ke kusa da ramin sun ce a nemi katangar siminti a toshe shi. Sauran sun ce ramin ba ya kashe kowa yau, amma ƙishirwa kullum ce, a nemi rijiyar burtsatse. Masu gonakin tudu kuwa ko taron ba su zo ba, sun ce ba su da rami ba su da rijiya a can, don haka ba ruwansu.

Ni dai hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba, amma ba ni da ilimin da zan kafa hujja. Wanne ya kamata mu rubuta? Kuma ban da gini, me irin wannan ofishi ya kamata ya riƙa yi wa mutane? Ina tsoron a yi mana aiki ɗaya a ɗauki hoto a tafi.

Tsohon Malamin Gona ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya yi maka jagora. Na yi aikin nan har na yi ritaya, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kwamitinku yana gardama a kan abu ɗaya yana zaton biyu ne. Ruwan da ya haƙa ramin, shi ne ruwan da ya kamata a ce yana cikin rijiyoyinku. Bai shiga ƙasa a tudu ba, shi ya sa ya zo muku ta sama da ƙarfi maimakon ya zo ta ƙarƙashi a hankali.

Ka yi wannan lissafin a gaban kwamiti, don lissafi yana kashe musu. Ruwan sama milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Ruwa mai kyau na milimita 30 ke nan lita 300,000 a hekta guda. In tudunku hekta 50 ne, kuma rabin ruwan ne kawai ya gudu, to lita miliyan 7 da rabi ne suka bi ta wannan ramin a yini ɗaya. Wace katanga za a gina da ɗan kuɗin ƙaramin ofishi ta tare wannan? Na sha ganin irinta. Ruwa ba ya fasa ta ta gaba, zagaye ta yake yi. Ya ci ƙasar gefe, ya rarake ƙarƙashi, damina biyu uku sai ka tarar da siminti a tsaye a tsakiyar rami, ruwa na wucewa dama da hagu, ramin kuma ya fi da faɗi. Burtsatse kuwa ba ta ƙara ruwa a ƙasa, zurfafa hannu kawai take yi a cikin abin da ya rage.

Don haka aikin yana wajen mutanen da ba su zo taro ba. Kuma kada ka je musu da maganar ku taimaki mutanen gangare, ba za su saurare ka ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ka je musu da asararsu. Ƙasar da ruwa ke kwashewa tasu ce, kuma ta saman ce, mai taki. In kaurin milimita 1 kacal ya tafi daga hekta guda, wajen tan 13 na ƙasa ke nan, amma ido ba ya gani. Manomi sai dai ya ga tsakuwa tana yawa a gonarsa, ya ce duwatsu na tsirowa, ko ya ga saiwar bishiya a waje. Ka kai shi gindin wata tsohuwar bishiya a gonarsa, ka sa ya auna da hannunsa tsakanin inda ƙasa take da can da inda take yau. Ban taɓa yi wa manomi haka ya yi musu ba. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana cewa santimita 2 zuwa 3 na ƙasar sama kan ɗauki har shekara 1,000 kafin ta samu. Abin da ya tafi ba zai dawo a zamaninsa ko na jikansa ba.

Abin da za ku nema daga ofishin shi ne su zo su taka tudun da ƙafa tare da ku, daga ƙololuwa har bakin ramin, a zana inda kowane ruwa ke bi. Sannan su koya wa matasanku fitar da layin da ya yi daidai a kan gangare, wanda ba ya hawa ba ya sauka. Ba ya buƙatar na'ura. Siririn tiyo ne mai haske, mita 10 zuwa 20, a cika shi da ruwa, a ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu zane iri ɗaya. Mutum ɗaya ya tsaya da sandarsa, ɗayan ya yi ta matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu, sai a kafa turke. Yini ɗaya ya isa yaro mai hankali ya iya. A kan wannan layin ake jera duwatsu, a ɗan tona a dasa manya a ƙasa, a cusa ƙanana ta gefen sama, tsayin bai wuce taƙi ɗaya da ɗan wani abu ba. Na fi son dutse a kan tudun ƙasa saboda dutse ba ya riƙe ruwa har ya fashe, tace shi yake yi, ruwa ya wuce a hankali, ƙasa da ganye da kashin dabbobi su tsaya. Bayan damina ɗaya ka je bayan layin ka tura yatsa, za ka ji laushi inda da fartanya ke tsalle. Inda babu dutse, a dasa jema ko gamba a jere, kusa da kusa yadda ba za a bar ƙofa ba. Saiwar jema tana nitsewa mita 3 ko fiye, kuma dabbobi ba su cika damunta ba in ta girma.

Wurin da ya riga ya zama fako sosai, ramuka ake yi masa da rani, faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 10 zuwa 15, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafi biyu. Gara za ta zo don takin, ta huda ƙasa, ruwan farko ya bi hanyoyinta ya nitse. Wannan shi ne aikin da Yacouba Sawadogo na lardin Yatenga a Burkina Faso ya shahara da shi tun wajen 1980, har aka ba shi lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood a 2018. Ya rasu a 2023. Aiki ne mai cin ƙarfi ƙwarai, kada kowa ya ruɗe ku, amma da rani ake yin sa lokacin da hannu ba ya kan noma.

Yatenga ɗin nan tana da darasin da ya shafi tsoron da ka ambata. Tsakanin 1962 da 1965 an kawo wani babban shiri da manyan motoci, aka yi tudun ƙasa a kan fiye da hekta 100,000, ba tare da an tambayi masu gonakin ba. Ba wanda ya gyara su da suka fashe, don ba wanda ya ɗauke su nasa, cikin 'yan shekaru suka shafe. Shekara ashirin bayan haka, a wuri guda, da mutane guda, aka koya musu tiyon nan da jeren duwatsu, sai ga shi suna yi da kansu, har maƙwabci na koya wa maƙwabci. Abin da ya fi wahala a aikin shi ne ɗauko dutsen. To a nan ne kuɗin ofishinku zai yi amfani: mota ko amalanke ta kawo dutse bakin gona, ku kuma ku jera.

'Yar Bakin Rami ta rubuta:

Baba Malamin Gona, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma ban yarda a tsaya a nan ba. Ni ba 'yar garin Malam Sakatare ba ce, amma na zauna a gida irin waɗannan na ƙarshe. Wanda bai kwana yana jin ƙasa na ruftawa cikin dare ba, yana lissafin ko ɗakin yara ne zai fara tafiya, ba zai gane dalilin da ya sa mutane ke kukan siminti ba. Jeren duwatsu a hekta 50 ba aikin rani ɗaya ba ne. Kafin a gama lallashin masu tudu, a kawo dutse, a jera, damina nawa za ta wuce? Taku talatin ba nisa ba ne. Na ga ramin da ya ci fiye da haka a ruwa biyu.

A namu garin wasu sun zo sun yi mana bayani mai daɗi irin wannan, aka dasa itatuwa a tudu, aka ce mu yi haƙuri. Ba wanda ya taɓa bakin ramin. A damina ta biyu gidaje suka tafi, kuma waɗanda suka rasa ɗakunansu ba su ƙara zuwa wani taron kwamiti ba har yau. In kun bar mutanen gangare da haƙuri kawai, za ku rasa su, alhali su ne suka fi kowa zafin aikin.

Sai kuma maganar rijiya. Malam Sakatare, mata nawa ne a kwamitinku? Ina tambaya ne don mu muka san wace rijiya ke fara ja baya, a wane wata, da guga nawa ake samu kafin laka ta fito. Ka sa a samu igiya mai ƙulli a kowane rabin mita, mace ɗaya a kowace rijiya ta riƙa auna zurfin ruwa ranar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a fara ja, a rubuta a littafi. In aikin tudu yana amfani, a nan za a fara gani, kuma shi ne abin da za ku nuna wa masu cewa a haƙa burtsatse. Ku kuma duba abin da ke kusa da rijiyoyin. Masai ko turken dabbobi bai kamata ya kasance ƙasa da mita 30 daga rijiya ba, kuma kada ya kasance ta samanta a gangare. Ruwa ya ƙaru amma ya gurɓace ba ci gaba ba ne.

Ɗalibin Ƙasa ya rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni kimiyyar ƙasar noma nake karanta a Amurka, kuma zan taɓa tambayar Malam Sakatare ta biyu, wato me ofishi irin wannan ya kamata ya zama, don a nan an daɗe ana gwada amsarta.

A shekarun 1930 fari da yawan kaftu sun sa iska ta riƙa kwashe ƙasar filayen tsakiyar Amurka, ƙura ta kai har Washington. Guguwar ƙura mafi muni ita ce ta ranar 14 ga Afrilu 1935. A ƙarshen watan nan aka kafa hukumar kiyaye ƙasa ta tarayya a ƙarƙashin Hugh Hammond Bennett, wadda tun 1994 ake kira NRCS. Amma ba a daɗe ba suka gane cewa manomi ba ya son ma'aikaci daga babban birni ya zo ya gaya masa yadda zai yi da gonarsa. Sai a 1937 Shugaba Roosevelt ya aika wa gwamnoni samfurin doka da ta ba manoman kowane yanki damar kafa gundumar kiyaye ƙasa tasu ta hanyar ƙuri'a. Ta farko ita ce Brown Creek a North Carolina, yankin su Bennett, a 1937 ɗin. Yau akwai kusan 3,000.

Yadda aka raba aikin shi ne abin lura. Shugabannin gunduma mutanen wurin ne, yawanci manoma, kuma galibi ba albashi suke karɓa ba. Su ke cewa ga abin da ya fi damunmu. Ma'aikatan gwamnati kuma su kawo ilimi: su zo gona su auna, su duba irin ƙasar, su rubuta wa manomi tsarin gonarsa shi kaɗai, ba tare da ya biya ba. In za a yi aiki, sau da yawa raba kuɗin ake yi, hukuma ta ɗauki wani kaso manomi ya ɗauki saura, kuma ya sa hannu cewa zai kula da aikin na wasu shekaru. Gundumomi da yawa suna da kayan aikin da manomi ɗaya ba zai saya ba, suna ba da haya, suna kuma sayar da dashen itatuwa da sauƙi. Ba tilas a ciki, wanda ya so ne yake zuwa. Wannan yana da rauninsa, don wanda ya fi ɓata ƙasa yana iya ƙin zuwa, kuma masu manyan gonaki sun fi iya cike takardu. Ban ce a kwafo shi ba, gonakinsu da kuɗinsu daban ne.

Abin da nake ganin zai yi muku amfani shi ne ku rubuta wa ofishin abin da kuke so su riƙa yi kowace shekara, ba abin da za su gina sau ɗaya ba. Ma'aikaci ya zo a ranar da kowa ya sani. A ajiye tiyo da baro da diga da shebur a wuri ɗaya da littafin aro. A kafa ma'aunin ruwan sama a makaranta, ɗalibai su riƙa rubutawa. Taswirar da za a zana kuma a bar muku kwafinta a gari, kada ta tafi ofis ta kwanta a durowa. Ma'aikata ana yi musu canjin wuri, babur yana lalacewa, amma abin da ke hannun kwamiti yana nan.

Sakataren Kwamiti ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, mace ɗaya ce a kwamitin, kuma zan kai maganar ƙari da ta igiyar a zama mai zuwa.

Baba, akwai abubuwa biyu da suka tsaya mini. Na farko, maganar Hajiya ta gidajen ƙarshe, me za a yi musu kafin damina? Na biyu, da na bincika sai na tarar kusan rabin gonakin tudu ba masu su ke noma su ba, aro ne ko haya, shekara-shekara. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini in ya kashe ƙarfinsa ya gyara fako ya zama gona, mai ita zai karɓe abinsa baɗi. Ban sami amsar da zan ba shi ba. Ga kuma dabbobi da ake saki da rani, duk abin da aka dasa za su cinye.

Tsohon Malamin Gona ya rubuta:

'Yata 'Yar Bakin Rami ta yi gaskiya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba a barin bakin rami ana jiran tudu. Amma abin da ake yi masa ba toshewa ba ne.

Kwazazzabo ta kai yake girma. Ruwa yana faɗowa daga bakin, ya daki gindin, ya rarake, saman ya rufta, bakin ya matsa baya. To wannan tsayayyen bakin za a sassabe shi ya zama gangare mai sauƙi, a shimfiɗa tsakuwa, a jera manyan duwatsu a kai, yadda ruwa zai sulalo maimakon ya faɗo. A cikin ramin kuma a yi ƙananan shinge masu yawa na dutse, ko na turaku da rassa inda dutse ya yi wuya, kowanne bai kai mita 1 ba. Abubuwa uku ne ke sa su tsaya, kuma su ne masu gaggawa ke tsallakewa. Tsakiyar shingen ta fi gefensa ƙasa, don ruwa ya bi ta tsakiya. Gefen biyu a tona a cusa su cikin bangon ramin sosai. A ƙasansa kuma a shimfiɗa duwatsu inda ruwan zai sauka. Tazarar da ke tsakaninsu, saman na ƙasa ya yi daidai da gindin na sama, tiyon nan zai nuna muku. Yashi zai taru a bayan kowanne, ya riƙe danshi, a nan za ku dasa jema da itatuwa, su ne za su gaji dutsen. Daidai wajen gidajen, inda ruwa ke cin bango, a nan kaɗai zan yarda a kashe kuɗi a kan kwandunan waya da ake cika da dutse, domin suna lanƙwasa in ƙasa ta motsa, ba sa tsagewa. Wannan ɓangaren lallai injiniya ya gani da idonsa, rami mai zurfin da ya wuce mutum ba wurin gwaji ba ne, kuma kada kowa ya yi aiki a ƙarƙashin bangon da ya rarake. A hana zuba shara a ciki, a hana ɗibar yashi, a kuma duba ruwan indararon gidajen kansu, don sau da yawa shi ke cin bangon ta baya.

Maganar mai haya kuwa, mutumin nan ya fi kowa fahimtar lamarin. Ba wanda zai gyara abin da za a ƙwace masa. A tudun Loess na ƙasar Sin, inda aka fara babban aikin gyaran ƙasa da Bankin Duniya a 1994, abin da ya riƙe aikin ba matakalar da aka yanka a jikin tuddai kaɗai ba ne. An ba manoma takardar riƙon ƙasa ta shekaru masu yawa, aka kuma hana sakin awaki a gangaren da ake gyarawa. A Nijar ma, manoma sun fara barin kututture ya tofo a gonakinsu da gaske ne da suka tabbata itacen nasu ne, ba na malamin daji ba, har aka kai wajen hekta miliyan 5. Don haka kafin a ɗauko dutse ko ɗaya, a zaunar da mai gona da mai haya gaban shugabannin gari da ma'aikacin ofishin, a rubuta cewa wanda ya gyara zai ci gonar shekara kaza, biyar ko fiye, ba ƙarin haya. Mai gona ba ya asara, fako ya bayar, gona za a mayar masa. Wannan takardar tana cikin manyan ayyukan da ofishi zai yi muku, kuma ba ta cin ko kwabo.

Dabbobi kuma, ku tuna ramin nan hanyar shanu ce tun asali. In kun rufe ta ba ku buɗe wata ba, za su bi ta kan layukanku. A kira masu dabbobi tun zaman farko, na gari da masu wucewa, a fitar musu da hanya da mashaya, a yarda cewa ciyawar da za ta fito a wurin da aka killace za su yanka su kai wa dabbobinsu. Dokar da za ku kafa ta zama wadda su ma suka sa baki. Elinor Ostrom, wata masaniya 'yar Amurka da ta sami lambar Nobel a 2009, ta bi diddigin garuruwan da suka riƙe kiwo da daji da ruwan ban-ruwa ɗaruruwan shekaru ba su lalace ba, ta ga cewa masu amfani da abin su ke kafa dokar, su ke sa ido, kuma horon farko ƙarami ne, sai an maimaita yake ƙaruwa. Na ga kwamitin da ya fara da tara mai nauyi, ranar da akuyar wani babba ta shiga aka kasa karɓa, daga nan doka ta mutu.

A takardarku ku rubuta aiki ɗaya, kamar yadda suka nema: gyaran magudanar ruwan tudun daga sama har ƙasa. A ƙarƙashinsa ku sa gyaran bakin ramin da kwandunan wajen gidaje kafin ruwan farko, jigilar dutse, da koyar da awo. Kada ku ce za ku gama hekta 50. Ku zaɓi gonaki biyar ko shida da ke daidai saman bakin ramin, waɗanda masu su suka yarda, ku fara da su a ranin nan, kuma ku kafa turke mai fenti taku goma daga bakin ramin don ku san ko ya matsa. In ka samu dama ka turo mana hoton bakin ramin daga ciki da kuma daga sama, da kimanin faɗinsa, sai in gaya maka ko shingen dutse zai isa ko sai an fara karkatar da ruwan.